Liyarin Marayu

Wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa ya rasu a nan Bur Dubai, Allah ya jiƙansa, aka kira mu rabon gado. Cikin kayansa muka tarar da liyari guda, irin mai hoton sarauniya Mariya Tiriza, an buga masa 1780. Amma launinsa ba fari ba ne irin na azurfa. Shuɗi-shuɗi ne, gefensa kamar wuyan tantabara.

Nan magana ta rabu. Ƙanen mamacin ya ce wannan launi da wannan shekara sun isa sayen gida. Wani kuwa ya ce jabu ne, a ba yara su yi wasa. To, akwai marayu uku cikin magada, dukiyar maraya kuwa ba a yi mata kintace.

Shekarar ba hujja ba ce. Sarauniyar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara, a Biyana da Landan da Bombai, miliyoyi barkatai. Shi ne kakanninmu suka sani a kasuwar Kurmi, mata na yin ado da shi. Abin da ya yi yawa haka ba ya tsada wurin masu tara tsoffin kuɗi. Dinarin Banu Umayya na shekara 105 Hijira da aka sayar a Landan a 2011 kan fam miliyan 3 da dubu 720, ƙarancinsa ne ya kai shi can, da sunan Hijaz da ke jikinsa.

Launin kuwa aikin farar wuta ne da ke cikin iska, takan rina azurfa in ta daɗe a ajiye. Muka hana a goge shi da toka da lemun tsami, domin masu saye sun fi son sa yadda zamani ya bar shi.

Muka ƙetare ruwa da kwalekwale zuwa Deira, wani maƙerin zinariya ya ɗora shi a mizani: giram 28, maganaɗisu bai kama shi ba. Azurfa ce ta gaske. Ya saya da kuɗin azurfarsa da ɗan ƙari kaɗan, hannu da hannu kamar yadda Risala ta shar'anta a musayar azurfa. Muka rubuta kuɗin cikin takardar gado, shaidu biyu suka sa hannu. Ƙanen mamacin bai gaishe mu ba har kwana uku.