Ba Gafaka Ba Ce: Baduku da Na'urar Wasan Hannu

Bahaushe ba ya barin abin da yake ji da shi tsirara. Wuƙa da takobi suna da kube, kibiya tana da kwari, kwalli yana da tandu, kuɗi suna da zabira. Alƙur'ani rubutun hannu kuwa sutura biyu ake yi masa: a haɗa warƙoƙinsa a tadarishi, sannan a zura shi a gafaka. Akasarin waɗannan daga hannun baduku suke fitowa, kuma kowanne da sunansa, ba a aron na wani a ba wani. Sunan shi ke faɗin matsayin abin da ke ciki tun kafin a buɗe. Saboda haka duk wanda ya ɗauki wani abu ya kai wa baduku don a yi masa mazauni na fata, ko ya sani ko bai sani ba, da'awa yake yi cewa abin nan ya kai a suturta shi.

Irin wannan da'awa ce wani magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai ya kai gaban baffansa a cikin birnin Kano. Gidansu gidan dukanci ne kaka da kakanni, amma shi boko ya ɗauke shi tun yana ƙarami, bai taɓa riƙe basilla da niyyar aiki ba. Abin da ya kai ɗin na'urar wasan hannu ce, Nintendo Switch, wadda ya saya daga hannun wani bayan ya yi watanni yana tari. Da ita yake kashe dare idan an ɗauke wuta, ita ce kuma abin da 'ya'yansa biyu ke jiran Asabar saboda shi. Ta zo masa da jakarta ta kamfani, baƙa mai sheƙi, wadda aka ce ta fata ce. Zafin bazara ɗaya ta gani ta fara saɓa kamar maciji, tana zubar da ɓawo a aljihun jaka.

Abin da jakar ta zama ba baƙo ba ne ga masu nazarin kalmomin aro. Kalmar leda, wadda yau take nufin abin ƙulla tumatir da shimfiɗar tsakar ɗaki, daga sunan fata a Turanci aka aro ta. Wato a bakin Bahaushe sunan fatar Bature ya sauka ne a kan roba, fata kuma ta tsaya da sunanta na gado. Yawancin jakunkunan na'urorin wasa da ake tallatawa da sunan fata leda ce ta wannan ma'ana: ƙyalle ne aka shafe shi da roba aka buga masa zanen ƙwayar fata. Harshe ya riga kasuwa gane bambancin.

Na'urorin nan ba da buƙatar sutura suka fara ba. Game Boy da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniya Gunpei Yokoi, dunƙulen roba ce mai kauri da ke cin batir huɗu, fuskarta 'yar mitsitsiya. Taurin ranta ya kai har wata da ta babbake a yaƙin Tekun Fasha na 1991 ta ci gaba da aiki, aka daɗe ana nuna ta a shagon kamfanin da ke New York. Ita ma 'yar Brick Game mai arha da yaran Arewa suka yi yayi a shekarun 1990, a aljihu take kwana tare da gyaɗa da ƙwallon goruba, ba wanda ya taɓa tunanin ɗinka mata riga. Daga baya aka yi masu ninkewa kamar littafi, irin su Game Boy Advance SP a 2003 da Nintendo DS a 2004, waɗanda murfinsu shi ne garkuwarsu. Amma tun daga PSP ta kamfanin Sony, wadda ita ma a 2004 ta fito, fuska ta yi ta faɗi tana fitowa fili. Switch da ta zo a 2017 fuskarta ta haura inci 6, tsawonta kusan santimita 24, ga 'yan turaku biyu da ake juyawa da babban yatsa sun ɗago sama da jikinta. Steam Deck ta kamfanin Valve, ta 2022, ba a ma sayar da ita sai da jakarta. Na'urar ta ƙara iyawa, ta ƙara tsada, ta kuma ƙara rauni.

Baffan ya juya ta a hannu, ya auna nauyinta a tafinsa, ya tambayi aikinta. Da aka ce masa wasa ake yi da ita, sai ya ajiye ta a kan buzu.

"Mai sunan Baba, wasa fa ka ce?"

"Wasa, Baffa. Amma kuɗinta ya fi na keken ɗinki."

"Ban tambaye ka kuɗinta ba."

Magidancin ya so ya ƙara mata daraja, sai ya ce kamfanin da ya ƙera ta tsoho ne ƙwarai, tun 1889 yake a birnin Kyoto. Baffan ya tambayi abin da suke yi a wancan zamani da babu lantarki a gidaje. Dole ya faɗi gaskiya, cewa karta suke bugawa. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ashe 'yan gado ne su ma.

Ba ƙyamar sabon abu ce ta sa shi jan ƙafa ba. A jikin bangon rumfarsa akwai ƙusa da ya rataye ma'aunan kwali na abubuwan da ya taɓa yi wa gida: na rediyon hannu, na tabarau, na wayar Nokia da ake maƙalawa a ɗamara. Abin da ya tsaya masa shi ne kalmar da ɗan nasa ya zo da ita. Cewa ya yi a yi mata gafaka. A wurin wanda ya shekara arba'in yana ɗinka wa mahaddata gafaka, wannan kalma ba siffar jaka take nufi ba. Mazaunin Littafi ce, ana rataye ta sama, ba a tsallaka ta, ba a ɗora komai a kanta. Mai sauraro na iya ganin wannan tsanani ne a kan lafazi, tunda ɗinkin duk ɗaya ne. Amma wanda ya san yadda suna ke ɗaukar alfarma a Hausa ba zai ga laifinsa ba. Ya yarda zai yi aikin, da sharaɗin kada a sake kiran sa da wannan suna a rumfarsa.

Daga nan magana ta koma ta sana'a, kuma a nan ne tsohon ya sake. Fatar akuya ya zaɓa, jemammiya da bagaruwa, irin wadda ta yi suna tun zamanin fatake. Ita ce fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin Arewacin Afirka su laƙaba mata sunan Maroko, su yi bangon littattafai da ita. Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya ga yadda takalma da jemammun fatun garin ke tafiya ƙasashe masu nisa. Ƙwayarta matsattsiya ce, ga ta da ƙarfi duk da rashin kauri, ba ta tsagewa a wurin ɗinki. Ta tumaki ta fi ta laushi amma ba ta da jimiri, ƙirgin sa kuwa ya yi wa wannan aiki nauyi.

Sai dai fata, komai kyanta, karce da ƙura take tarewa, ba ta tare faɗuwa. Na'ura mai nauyin kusan giram 400 idan ta suɓuce ta bugi siminti da kusurwa, fata mai kaurin farce ba abin da za ta hana. A nan jakar kamfani mai ƙwarya ta soso mai tauri ta fi ta, kuma gaskiya ce da masu son kayan gargajiya ba su cika son ji ba. Ga kuma turakun nan biyu. Idan aka zura na'urar a matsattsen kube kamar wuƙa, su ne za su ɗauki duk wani matsi, alhali su ne suka fi komai saurin lalacewa a jikinta. Magidancin ya yi ta bayani da hannu. Baffan ya saurara, can ya ce ai wannan tsohuwar matsala ce. Warƙoƙin Alƙur'ani ma ba a zuba su a gafaka haka nan, sai an tallafe su da tadarishi don kada gefensu ya nannaɗe. Ya yanko kwali mai kauri biyu, ya huda gurabe daidai kan turakun a ɗaya, ya lulluɓe su da karammiski, ya sa siririn soso a kusurwoyi huɗu. Fatar ta zama bango, kwalin ya zama ƙashi. Tsarin da aka hana wa sunan gafaka, da dabarar gafaka aka warware shi, kuma babu wanda ya ce uffan a kan haka cikinsu.

Launi ma sai da aka yi shawara. Jan karan dafi shi ne adon fatar ƙasar Hausa, amma yakan yi zuba idan ya ji danshi, hannu mai gumi kuwa shi ne abokin wannan na'ura. Aka bar jan a waje, aka goge shi sosai, aka zagaye baki da baƙin kuloko, ciki kuma ba rini ko ɗigo. Zif tsohon ya ƙi sawa, ya ce haƙoran ƙarfe ba sa zama kusa da fuska mai karcewa, kuma zif ne ke fara mutuwa a kowace jaka. Murfi ya yi mai rufowa, da maɓallin fata saƙaƙƙe da hantsaki, irin na zabira. Murfin yana da wani amfanin da ba a tsara ba: ƙurar hunturu, wadda ke shiga ko'ina, ta sami hanya ɗaya tak maimakon tsawon zif.

Wani abu guda magidancin ne ya koya wa baffan. Na'urar tana numfashi. Akwai 'yar fanka a cikinta da ke fitar da zafi ta wasu ƙofofi a sama, kuma kamfanin ya ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali Kano a watan Afrilu takan wuce 40. Don haka ba za a yi mata rigar da za a riƙa wasa tana ciki ba, kuma ba a mayar da ita gida da ɗuminta, balle a bar ta a mota cikin rana, inda baƙar fata ko ja za ta zame wa batirin tanda. Tsohon ya jinjina kai, ya ce doki ma ba a ɗaure shi da gumi. Da aka nuna masa 'yan katunan wasannin, kowanne bai fi kan sarki girma ba, aka kuma gaya masa an shafe su da wani abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, sai ya ɗinka musu aljihuna shida a cikin murfin. Ya ce wannan kam aikin laya ne, hannunsa ya saba.

Kwana tara aikin ya ci, ana yi ana ajiyewa saboda wasu ayyukan. Da aka zo maganar lada, baffan ya ƙi karɓar ko kwabo, magidancin kuma ya rasa yadda zai kimanta. A kasuwar waya za a sami ta leda da kuɗin da bai kai na fatar kaɗai ba. Wannan shi ne ciwon dukanci a yau, ba rashin gwaninta ba. Manyan masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna fitar da fatu masu kyau zuwa Italiya da Sifen, su dawo a matsayin jaka da takalmi masu sunan wasu, baduku na rumfa kuma yana gogayya da roba a kan farashi. Inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima. A ƙarshe buhun shinkafa ƙarami magidancin ya aika cikin gida wurin gwaggonsa, ba tare da ya ce na mene ne ba.

Akwai kuma abin da tsohon bai saba da shi ba, wato gajeren ran abin da ya suturta. Gafakar da mahaifinsa ya ɗinka tana nan tana aiki, domin girman warƙa bai sauya ba. Kuben takobi yakan bi takobin har jikoki. A watan Yunin 2025 Nintendo ta fitar da Switch 2, fuskarta kusan inci 8, jikinta ya fi na farko tsawo da faɗi. Ba za ta shiga wannan gidan ba ko an yi mata addu'a. Fatar bagaruwa idan ana shafa mata mai za ta shekara talatin, tana ƙara duhu da sheƙi, na'urar da aka yanka ta dominta kuwa da wuya batirinta ya kai goma da lafiyarsa. Da magidancin ya faɗa masa haka, baffan bai yi mamaki sosai ba. Ya nuna ƙusar nan da haɓa. Rediyon ya tafi, Nokia ta tafi, ma'auninsu na rataye.

Sunan dai har yau bai zauna ba. Yaran gida riga suke cewa, kamar yadda ake cewa rigar waya. Magidancin yakan ce jaka idan yana gaban baffan, ya ce gafaka idan ya fita. Shi kuwa tsohon, a jikin ma'aunin kwalin da ya ƙara a ƙusa, da ajami ya rubuta "kuben wasa", duk da cewa abin ba zurawa ake yi ba, buɗewa ake yi.

Abokan aikin magidancin biyu sun gani sun ce suna so, ɗaya ma tasa Steam Deck ce, mai tsawon kusan santimita 30 da ƙusumbi biyu a baya inda ake riƙewa. Baffan ya ce zai ɗinka, amma idonsa ba ya ganin ƙananan ƙofofin nan, kuma bai san inda kowace take numfashi ba.

"Kai za ka riƙa zuwa kana fitar mini da ma'auni, Mai sunan Baba. Ka zo da kwalinka da rezarka."

"Ranar Asabar, Baffa?"

"Bayan La'asar. Su kuma ka gaya musu ba kyauta ba ne."