Wankin Zinariya a Ƙasar Anka

Ni mutumin Kaugama ne ta ƙasar Haɗejiya, inda ba mu san dutse ba, sai rairayi da fadama. Da ranin 2009 mahaifinmu ya tafi da ni ƙasar Anka wurin ƙanensa. Ran nan da sassafe Baffa ya kai mu wani rafi a gindin dutse, har da matansa da 'ya'yansa.

Ga yadda a ke yi. A jingina katako mai kwari a gangare, a shimfiɗa masa buhu, a zuba yashi, a bi da ruwa. Zinariya ta fi yashi nauyi wajen sau bakwai, saboda haka yashi ya wuce, ita ta maƙale. Sa'an nan a wanke buhun cikin kwano, a yi ta rairaya. Wuni guda, abin da muka samu bai fi ƙwayar gero ba.

Baffa ya ce, "Yaya, mu kai dutse gida mata su daka, can riba ta ke."

Baba ya ce, "Turmin fura ba na dutse ba ne."

Baffa ya ji haushi, amma ya bi maganar babba.

A 2010 sai labari ya zo mana Kaugama, ashe dutsen akwai dalma ciki. Ƙurarsa ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da Bagega. 'Ya'yan Baffa kuwa suna nan da ransu.

To, mai karatu, nemi halalinka, amma abin daji bar shi a daji.