Hanyar Tirmini: ranar da mota mai ƙafa huɗu ta gurgunce

 Ga labarin wata tafiya da na yi a ƙasar Tirmini.

Tirmini tana yamma da Damagaram, tafiyar da ta ɗara kilomita 20, bisa babbar hanyar kwalta mai zuwa Takeita da Maraɗi. Tsohon gari ne mai tarihi. A nan ne dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da sojan Faransa a watan Yuli na 1899. Bayan yaƙin ne Turawa suka shiga birnin Zinder. Ƙasa ce ta gonakin gero da wake, da itatuwan gawo. Amma da ka sauka daga kwalta, sai rairayi.

Ƙarshen rani ne, rana tana dukan kai. Na taso daga wani ƙauye arewa da garin, cikin tsohuwar Land Rover. Mu goma ne, har da wata mata da ɗanta mai masassara, za ta kai shi gidan likita. Ruwanmu gora biyu kawai.

Irin wannan mota an fara ƙera ta a Ingila a 1948. Bisa hanya mai tauri, tayun baya kaɗai ke tura ta. In an zo rairayi, direba ya danna wani maɗanni mai ruwan ɗorawa kusa da giya, sai tayun gaba su kama. Akwai kuma ja, na ƙaramar giya mai ƙarfi.

Da muka shiga wata busasshiyar korama, direba ya danna mai ruwan ɗorawa, ya taka wuta. Sai muka ji ƙas! daga baya. Inji yana kuka, mota ba ta motsi.

Wani tsohon makiyayi ya ce: "Direba, inji ya mutu ko?"

Direba ya ce: "A'a Baba, ba ka ji lafiyarsa ba? Ciwon yana ƙasa."

Bai taɓa sifana ba tukuna. Ya kwanta a gefen mota, ya sa yaronsa ya saka giya. Farfela ta baya, wato doguwar sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji ga tayun baya, tana juyawa. Amma tayun suna tsaye. Farfela ta gaba kuwa ko motsi ba ta yi.

Ya kira ni ya ce: "Malam, duba. Ciwo biyu ne. Na gaba bai kama ba tun farko. Nauyi duka ya faɗa wa baya, shi ya sa wani abu ya karye."

Ya sa aka tokare tayun gaba da duwatsu. Ya ce birkin hannu na wannan mota farfela yake riƙewa, ba taya ba, saboda haka yanzu ba shi da amfani. Aka ɗaga tayar baya da jak, an shimfiɗa katako a ƙarƙashi. Ya juya ta da hannu ɗaya, ta juya sakayau. Ya kwance notuna 6 na tsakiyar tayar, ya zaro sandar ƙarfen da ke juya ta. Ga ta nan, bakinta ya murɗe ya karye.

Ba mu da wata. Uwar yaro ta fara hawaye. Direba ya ce: "Yi haƙuri Inna, saura ƙafa biyu."

Ya koma ga ciwon farko. Ƙarƙashin mota, inda farfelar gaba ta fito, akwai ƙaramin murfi. Da ya cire shi, sai ga ƙarafan da maɗannin yake turawa, tsatsa da ƙura sun cije su. Ya wanke su da kananzir, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya shafa baƙin mai. Yaronsa ya danna, muka ji ƙat! Ya kama.

Sai ya kwance farfelar baya ya jefa cikin mota, don kada gutsuren da ya saura a ciki ya ƙara ɓarna. Ya mayar da murfin taya. Muka tone rairayi da hannu, muka shimfiɗa karan gero. Maza suka tura. Tayun gaba kaɗai suka ja mu, sannu sannu, har muka hau kwalta a Tirmini bayan la'asar. Kafin magariba yaro yana hannun likita a Damagaram.

Na tambayi direba abin da ya jawo haka. Ya ce laifinsa ne, ya yi wata huɗu bisa kwalta bai danna maɗannin ba ko sau ɗaya.

To jama'a, ga abin lura. Mai irin wannan mota ya riƙa gwada tayun gaba kowane wata, bisa rairayi, ba bisa kwalta ba. Kada ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. In ta kafe, kada ya yi ta taka wuta, a sauka a tone. In abu ya lalace, ko mota ko famfon rijiya ko amalanke, a saurara, a duba, sannan a kwance. Matafiyi kuma kada ya shiga daji ba ruwa.

Allah ya kai mu damina lafiya, amin.