Murar da na ɓoye a ƙofar ɗakin tiyata

1/ Hunturu ya shigo, kowa na fama da mura, shi ya sa zan ba ku labarin wata ƙarya da na yi a asibiti wadda ta kusa raba ni da mahaifina. Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne a jami'a, ko fannin lafiya ba na karantawa. Ku yi haƙuri, zaren zai ɗan yi tsawo.

2/ Watan Janairun 2021 ne. An janye yajin aikin ASUU a Disamba, ina gida Babura ina haɗa kayan komawa makaranta. Baba ya fi shekara shida yana da ƙaba. Idan ta fito sai ya kwanta ya danna ta koma. Duk sanda aka ce a je a yi aiki sai ya ce a bari sai bayan kaka.

3/ A satin nan kuma mura ta kama shi. Tari, majina, ɗan zazzaɓi da dare. Umma na dafa masa citta da kanumfari, yana fita harkarsa. Wa ke ɗaukar mura ciwo a garinmu?

4/ Ranar da abin ya faru tari ne ya turnuƙe shi bayan magariba, ƙabar ta fito ta ƙi komawa. Kafin tsakar dare ya soma amai, ciki ya kumbura. Aka duba shi aka ce hanji ne ya maƙale, mu wuce Kano yanzu. Muka bi ta Kanya da Kunya cikin hazo, Yaya na tuƙi, kan Baba a cinyata.

5/ Da asuba wata likita mai sa barci ta zo da takarda. Baba ba ya iya doguwar magana, ni ne ɗan boko, sai aka turo ni. Yaushe ya ci abinci? Yana da hawan jini? Sai ta ce, “Ƙanina, ya yi tari ko mura ko zazzaɓi a kwanakin nan?” Na ce, “A'a likita, lafiyarsa ƙalau.”

6/ Wallahi ina sane na faɗa. Lokacin korona ta dawo zagaye na biyu. A raina, ina cewa tari za a ce korona ce, a killace shi, a fasa aikin, hanjin ya ruɓe muna ji muna gani. Na ɗauka dabara na yi.

7/ Aiki ya yi kyau, ba a ma yanke hanjin ba. Muka yi ta hamdala. A ɗakin jinya kuma muka tafka kuskure na biyu: da Baba ya motsa zai yi tari sai mu ce, “Baba daure, kar ɗinkin ya ɓalle.” Muka hana shi zama, muka lulluɓe shi da bargo. Kwana biyu yana kwance samɓal.

8/ Daren na uku jikinsa ya ɗau zafi, numfashi sama-sama, yana kiran sunan ƙaninsa da ya rasu tun ina firamare. Nas ta maƙala masa abin auna iska a yatsa ya nuna 84. Na mai lafiya yakan tsaya 95 zuwa sama. Aka jona masa oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji: nimoniya.

9/ Da safe likitar nan ta zo. Umma da ba ta san me na faɗa ba ta ce, “Ai dama sati guda yana tari.” Likita ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi faɗa ba, waje ta kira ni ta yi mini bayani. Ga abin da na riƙe.

10/ A cikin hanyar numfashi akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina zuwa sama kamar tsintsiya. Ƙwayar bairos ta mura tana lalata su, ta kumbura hanyar, ta ƙara majina. Ko zazzaɓi ya sauka, wurin yakan yi makonni kafin ya warke.

11/ Sai ga maganin barci da bututun da ake zurawa a maƙogwaro. Su ma suna rage aikin tsintsiyar, kuma ƙasan huhu yakan lotse lokacin aiki. Mutum ya farka da yanka a ciki, ciwo ya hana shi jan dogon numfashi ko tari. Majina ta kwanta, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

12/ Na tambaye ta, da na faɗi gaskiya za ku fasa aikin? Ta ce a'a, hanjin da ya maƙale ba ya jira. Amma da ta ƙara sauraron ƙirjinsa, ta duba ko allurar baya za ta yiwu, ta sa a ajiye shi kusa da oksijin a riƙa auna shi, su ma su kare kansu da sauran majinyata.

13/ Ta kuma ce ba za ta rantse cewa da hakan ya hana nimoniyar ba, amma da an gano ta da wuri. Wannan maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

14/ Abin mamaki, da sakamakon gwaji ya fito ba korona ba ce. Abin da na ji tsoro har na yi ƙarya babu shi. Murar da na raina ita ta wadatar.

15/ Daga baya na je na karanta. A Mayun 2020 mujallar Lancet ta buga wani bincike da Jami'ar Birmingham ta Ingila ta jagoranta: mutum 1,128 masu korona da aka yi wa tiyata a asibitoci 235 na ƙasashe 24, kusan kashi 74 cikin ɗari aikin gaggawa.

16/ Kashi 51 cikin ɗari sun samu matsalar huhu. Kusan kashi 24 sun rasu cikin kwana 30, kuma sama da kashi 80 na mamatan daga cikin masu matsalar huhun suke. Wannan kafin rigakafi ne, kuma korona ta fi mura ta yau da kullum muni, kar a haɗa su. Amma hanyar da ɓarnar ke bi iri ɗaya ce.

17/ Shi ya sa idan aikin ba na gaggawa ba ne likita kan ce a je mura ta wuce tukuna, mu kuma mu ce ana mana yanga. A 2021 an ba masu korona shawarar jiran mako 7, daga baya aka sassauta. Wanda aka kawo cikin dare ba shi da wannan damar. Abin da ya rage masa shi ne mai jinya ya faɗi gaskiya.

18/ Abin da nas ta koya mana, kuma ya yi aiki: a ɗaga kan gado. Ya rungume filo a kan ɗinkin ya yi tari, ba ya ɓallewa. Dogon numfashi sau da yawa duk awa. A wanke masa baki. Da likita ya ba da izini a tashe shi ya taka. In ciwo ne ke hana tari a nemi maganin ciwo, ba a hana tarin ba.

19/ In kuka ga zazzaɓi, saurin numfashi ko sambatu bayan aiki, kar ku jira zagayen safe, ku taso nas ko ƙarfe biyun dare ne. Mu sai da muka ɓata kusan awa biyu muna cewa sanyi ne.

20/ Baba ya yi kwana 5 a kan oksijin, kwana 16 a asibiti maimakon 4 ko 5 da aka ce mana. Riɗin da aka ajiye don kuɗin rajistata shi aka sayar, da tunkiyar Umma. Na koma makaranta a makare. Daminar shekarar bai iya riƙe fartanya ba, haki yake yi.

21/ Sai bayan wata uku na iya gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai ka ɓoye tari na sati ɗaya, ni na ɓoye ƙaba shekara shida. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.” Yanzu alhamdulillahi ya koma gona.

22/ In akwai dattijo mai ƙaba a gidanku, ku lallaɓa shi a yi aikin yana da lafiyarsa, kafin ta zaɓar masa dare. In kuma kai aka tura amsa tambayoyi a ƙofar tiyata, faɗi komai, har ɗan tarin da kake ganin ba komai ba ne. Likitocin da ke nan, ku gyara mini inda na yi kuskure. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.