Daren Majigi a Zangon Agege

Jinyar ido ce ta kai ni Ikko a watan Janairu, na sauka wurin ɗan ƙanwata da ke gadin wani kamfani a Ilupeju. Unguwa ce ta masana'antu da manyan ɗakunan ajiyar kaya, amma abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yawan Indiyawa. Suna da makarantarsu a nan tun 1982, suna da kantunansu, kuma da safe za ka ga matansu a gaban baron 'yan Arewa suna cinikin albasa da tumatir. Na tsaya ina kallonsu kamar na ga dangi, domin ni da irina mun tashi da fuskokin mutanen nan a majigi tun kafin mu taɓa ganin ɗayansu ido da ido.

Ranar Asabar yaron ya ce, "Kawu, yau samarin Zango za su haska tsohon fim a fili bayan isha'i. Ko za ka iya zuwa Agege?" Na ce ko da rarrafe ne.

Bayan la'asar muka hau Keke Napep zuwa Oshodi, muka shiga sabon jirgin ƙasan nan da ke zirga-zirga tsakanin Oyingbo da Agbado, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024. Daga Oshodi sai Ikeja, daga Ikeja sai Agege. Ban gama gyara zama ba muka iso. Ta taga ina ganin motoci cunkushe a titi, ina tuna cewa titin jirgi ne ya raya Agege tun farko. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, fataken goro suka riƙa sauka nan suna sayen goron gonakin yankin suna lodawa zuwa Arewa, masu shanu kuma suna gangarowa. Zango ya kafu, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda yau suke juya Hausa da Yarabanci a baki ɗaya.

Muka bi ta ƙarƙashin gadar Pen Cinema, wadda aka buɗe a Maris na 2021. Kwandastoci na ta kiran sunan wurin, amma babu silimar, suna kawai ya rage. Na tambayi yaron ko ya taɓa shiga irin silimar da, mai bencina da rufin sama a buɗe. Ya ce shi a waya yake kallo.

Filin wani ɗan sarari ne tsakanin gidaje, inda yara ke buga ƙwallo da rana. An ɗaure farin ƙyalle a jikin bango, an ɗora na'urar haskawa kan teburi, an haɗa ta da kwamfuta da lasifika biyu na haya. Kuɗin man janareta karo-karo aka yi. Sun zaɓi rani ne saboda ruwan Ikko ba ya sallama idan damina ta kama. Mata da 'yan mata suka shimfiɗa tabarmi a gefe guda, maza a ɗaya gefen, yara a gaba a ƙasa. Mai tsire ya matso da tukubarsa, mai shayi ya jera burodin Agege, wata tsohuwa ta kawo kunun aya a kula.

Sholay suka sa, fim ɗin 1975, ba fassara. Na zauna kusa da wani dattijo mahauci da ya yi shekaru yana aiki a mayankar Oko-Oba. Dharmendra na bayyana ya dafa gwiwata ya ce, "Malam, ga Sarkin Ƙarfi!" Wannan suna na san shi tun a Kano, ban zaci zan ji shi a bakin teku ba. Ya ce a silimar Danjuma ta nan Agege ya fara ganin fim ɗin, ya koma ya fi sau goma. Bai iya Indiyanci ba, amma duk maganar da za a yi sai ya riga ɗan wasan, yana faɗa wa yaran da ke gabansa abin da ake nufi. Kafin a yi nisa yara sun juyo rabi suna kallon ƙyalle, rabi suna kallon bakinsa.

Janareta ya mutu ana tsakiyar fim. Ba wanda ya tashi. Cikin duhun nan hira ta ɓarke, na ba su labarin majigin da na sani ina yaro: motar ma'aikatar yaɗa labarai ta iso ƙauyenmu da yamma, sanƙira ya zaga gari, a taru a ƙofar gidan dagaci, a nuna yadda ake noman auduga da rigakafi, mai bayani na tsaye da makirufo. Dattijon ya ce, "Fim ɗin Baban Larai ke nan." Muka yi dariya tare. Na kuma faɗa musu cewa iyayenmu ba su yarda da silima ta cikin gini ba, kuma suna da dalili. A Kano an buɗe silimar Rex a 1937, amma gobarar silimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum 331, ta bar tabo a zukata, ga kuma sunan da silima ta yi na matattarar 'yan iska. Majigin fili kuwa kowa na zuwa, har liman yakan leƙo, domin a idon jama'a ake yin sa. Abin da na gani a Zango shi ne wancan: uba na ganin abin da ɗansa ke kallo, kuma suna dariya a wuri ɗaya.

Wuta ta dawo. Lokacin da Amitabh Bachchan ya mutu a hannun abokinsa, filin ya yi tsit, na ji wata mata tana salati a hankali.

Da aka tashi na tambayi samarin ko sun san Shehu Umar. Biyu sun karanta littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa a makaranta, amma ba wanda ya san Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, da Hausa, Umaru Ladan na fitowa a Shehun. Fim ɗin ya yi shekaru a ɓace, aka gano faifansa, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan ya tsaya mini a rai har muka koma Ilupeju da safe.

Ina roƙon Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos ta ba da damar a haska Shehu Umar a filayen unguwanni, a Zangon Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan. Samarin suna da ƙyalle da na'ura, kuma sun ce za su sake yin karo-karon mai.