Kowa Ya Ɗebo Da Zafi, Bakinsa

Sau da yawa idan 'yan sanda suka rasa wanda suke nema, sai su tasa ƙeyar mahaifinsa ko matarsa, wai har ya kawo kansa. Talaka kuwa, da yake tsammani yake haka doka ta ce, sai ya sayar da 'yar akuyarsa ya karɓo tsohonsa. Alhali dokar shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta nanata haka. Kaki amana ce, ba lasin zalunci ba. Amma muddin talaka bai san haƙƙinsa ba, akuyarsa ba ta tsira ba.