Murhun Turai da Tukunyar Samaru

Ƙanwata da ke zaune a Jama'a, kusa da Samaru, ta turo min hoton wani ɗan murhun gas da ta tsinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Sabon Gari. "Yaya, wane tiyo zan saya in haɗa shi da tukunyata?" Ina ganinsa na gane shi. Irin wanda Turawa ke cusawa a jaka ne idan za su kwana a daji, kuma ɗan gwangwanin gas ake murɗa masa, wanda in ya ƙare sai shara.

A nan Ingila tukunyar gas ba taka ba ce. Ta kamfani ce, irin su Calor: ka kai fanko, a ba ka cikakkiya, duba lafiyarta kuma yana wuyansu. Shuɗiya butan ce, ja furofan, kowacce da irin bakinta da regiletarta, ta butan milibar 28, ta furofan 37. A Jamus 50 ake amfani da shi. Kamfanin Campingaz na Faransa ma bakinsa daban ne. Idan baki bai shiga baki ba, Bature ajiyewa yake ya koma shago.

Mu kuwa a nan hikimarmu ke tashi. A Zariya tukunya taka ce, ka ɗauka ka kai a ɗora a sikeli: "Malam, a sa min kilo biyu." Wannan tsari ina sonsa, domin ɗalibin ABU da kuɗinsa bai kai na cikawa ba zai ci abinci a daren. Sai dai babu mai tambayar shekarun tukunyar, kuma duk abin da ya ƙi shiga akwai mai walda ko mai gyaran risho da zai sa shi ya shiga, ko da robar tayar keke ce za a naɗe.

Murhun nan iri biyu ne. Akwai mai shan gas kai tsaye da cikakken ƙarfinsa, kamar kan da muke murɗawa a tukunyar kilo 3 ko 6. Akwai mai tiyo, wanda aka yi don gas ɗin da regileta ta riga ta rage wa ƙarfi. Ƙarfin da ke cikin tukunya ya ninka abin da na biyun ke ɗauka fiye da sau 50, don haka in aka haɗa shi babu regileta, wutar sai ta lashi silin. Na farkon kuma in ka bi da shi ta regiletar tukunyar kilo 12.5, wutar ba za ta tafasa shayi ba, daga nan sai wani ya ce a buɗa ramin fitar gas ɗin da allura. Kada a yarda.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sake cika gwangwanin. Jikinsa siriri ne, an kuma rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, wanda cikin mota a ranar Afrilun Zariya ba abin wuya ba ne. Ba ka san yawan furofan da ke cikin gas ɗin shago ba, alhali ƙarfinsa ya kusan ninka na butan sau huɗu. Ɗura daga tukunya zuwa tukunya ma kanta ba wasa ba ce. Mutanen Kaduna ba su manta fashewar shagon gas a Sabon Tasha ba, a Janairun 2020, wadda ta ci ran Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa.

Kan gas na gida yana nan jibge a Sabon Gari, an yi shi daidai bakin tukunyarmu, kuma bai kai wahalar neman mahaɗi ba. Kafin a murɗa shi a duba robar da ke bakin, in ta tsage a canza. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar, in ta yi ƙwai to gas na fita. Ba a gwadawa da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka ko sanyin hunturu ya kai ina a bar taga da ƙofa a buɗe in ana girki.